Bayan Magani Ya Ƙare: Inda Robar Feshi Take Zuwa a Ƙasar Gaya da Ajingi

Robar feshi ita ce mazubin da ake sayo maganin ciyawa ko na ƙwari a cikinsa. Wadda ta fi yawa ita ce mai cin lita ɗaya, sai ƙanana masu cin rubu'in lita ko ƙasa da haka, sai galan mai lita 5 da jarka mai lita 20 waɗanda manyan manoma da dillalai suka fi saye. Akwai kuma ledar garin magani, da gwangwanin ƙwayar nan da ake jefawa cikin buhun hatsi, wadda ake ce wa bom. A ƙauyukan gabashin jihar Kano, irin su Balan da Kademi da Shagogo a ƙaramar hukumar Gaya, ko Toranke da Balare da Gafasa a ta Ajingi, ido ya saba da waɗannan mazubai har ya daina ganinsu. Ana tarar da su a kan iyakar gona, a gindin bishiya, a bakin rijiya, a ɗaure a bayan keke. A ƙasashen da suka tsara harkar, ana tattara su a mayar wa masana'anta a ƙarƙashin doka. A nan ma ba sa zama a banza, ana sake amfani da su, har ana narkar da su. Matsalar tana ga hanyar da suke bi da kuma abin da suke komawa.

Yawaitar robar ta biyo bayan sauyin da aka samu a yadda ake noma. Manomin wannan yanki ya dogara da gero da dawa da wake da gyaɗa da riɗi, kuma a da fartanya ce ke yaƙi da ciyawa: a yi noman farko, a yi maimai, gida ya fito kwansa da kwarkwatarsa, ko a kira gayya. Yanzu gandu ya watse a gidaje da yawa, samari sun tafi birni neman kuɗi, gayya ta ja baya, kuɗin ɗan ƙwadago kuwa kullum hawa yake. Da manomi ya auna kuɗin mutum biyar na yini biyu da kuɗin roba ɗaya ta maganin ciyawa da ladan mai feshi, lissafin ba ya ɗaukar lokaci. Injin feshi na goyo, mai cin lita 16 ko 20, ya shiga sahun kayan aikin gona kamar garma, har ya haifar da sana'a: matasa masu yawo gona-gona suna feshi a biya su bisa yawan tankin da suka fesa.

Ƙwari ma sun taimaka. Wake ba ya yin abin kirki idan ba a fesa shi ba daga fure zuwa ɗaurin 'ya'ya, sau biyu ko uku ko fiye. A shekarar 2016 tsutsar tumatir da manoma suka laƙaba wa suna sharon ta cinye gonakin rani a Kano da maƙwabtanta, kuma a shekarar ce aka fara ganin baƙuwar tsutsar masara a Najeriya. Duk annobar da ta zo, amsar da manomi ke samu a shagon magani ɗaya ce, ya ƙara feshi. Sannan da yake gonakin ƙanana ne kuma kuɗin hannu kaɗan, ba a sayen magani da yawa lokaci guda. Kamfanoni sun gane haka, suka riƙa zuba shi a ƙananan mazubai. Lita 20 da za ta zo a jarka ɗaya a babbar gona, a nan sai ta rarrabu a roba 20 ko 80, kowace ta bi hannu dabam ta shiga gida dabam.

Dalili na gaba ya fi waɗannan zurfi, domin ya shafi yadda mutane ke kallon kaya. A karkarar Hausa abu mai murfi ba shara ba ne. Gwangwanin madara ya zama abin awo, buhun taki ya zama shimfiɗa, tsohuwar taya ta zama takalmi da guga. Tarihin baka ma yana danganta kafuwar Kano da maƙeran Gaya, Abagayawa, waɗanda suka je Dala neman tama. Ƙasar da ta yi suna da narkar da abu a ƙera wani ba za ta rasa abin yi da roba ba. Robar feshi kuwa, a gaskiya, mazubi ce mai kyau. An yi ta da kauri don kada ta fashe, murfinta yana ɗaurewa tsam, ba ta yoyo, rana ba ta saurin cin ta. Ta fi yawancin robobin da ake sayarwa a kasuwar ƙauye inganci, kuma an riga an biya kuɗinta. Tun daga 2023, da aka cire tallafin man fetur darajar naira kuma ta faɗi, sabuwar jarka ta yi tsada, sai tsohuwa ta ƙara daraja.

Saboda haka hanya ta farko da robar ke bi ita ce cikin gida. Uwargida za ta wanke galan da omo da toka, ta sa yashi ta girgiza, ta shanya shi a rana kwana biyu, ta sansana. Idan wari ya tafi, a ganinta magana ta ƙare. Daga nan sai ya zama na kananzir ko na fetur, wanda shi ne mafi sauƙin haɗari, ko na ruwan alwala da na kewaye, ko na gishiri da man gyaɗa da manja, ko kuma na ruwan shan da yaro zai kai wa mahaifinsa gona. Abin da hanci ba ya iya faɗa shi ne cewa yawancin magungunan ƙwari na ruwa an narkar da su ne a cikin sinadari mai kama da mai. Shi ya sa da an zuba su a ruwa sai su yi fari kamar nono. Wannan sinadari yana ratsa jikin robar, ya tafi da ɗan maganin, ya zauna a ciki. Wanki yana cire na sama kawai. Wanda ya shige yana fitowa a hankali, kuma ya fi saurin fitowa idan abin da aka zuba mai ne, ko robar ta sha zafin rana. Ke nan man girki, wanda aka fi so a adana a mazubi mai murfin kirki, shi ne ya fi kowane abu iya jawo gubar.

Misalin da duniya ta fi sani ya faru ne a Indiya. Ranar 16 ga Yuli, 2013, yara 23 suka mutu a wata makarantar firamare a jihar Bihar bayan cin abincin rana. Bincike ya gano maganin ƙwari mai suna monokurotofos a cikin man da aka yi girkin da shi, kuma an adana man ne a mazubin da maganin ya taɓa zama a ciki. Irin wannan magani, da danginsa kamar DDVP da ke cikin fiya-fiya da Sniper, suna hana jijiyoyi sakin tsoka: sai yawu ya yi ta zuba, gumi ya karyo, ƙwayar ido ta tsuke, amai da gudawa su biyo, numfashi ya yi wuya. Akwai allurar da ke karya shi idan an isa asibiti da wuri. Farakwat, maganin ciyawar da ke ƙone ganye cikin yini guda, ba shi da makari, kuma huhu yake lalatawa. Al'adar ɗura wa wanda ya sha guba manja ko madara, ko tilasta masa amai, tana iya ƙara ɓarna, domin abin na iya faɗawa huhu.

Sai dai mutuwar farat ɗaya ba ita ce ta fi yawa ba. Abin da ya fi yawa shi ne ɗan kaɗan da ke shiga jiki kullum, wanda ke fitowa a matsayin ciwon kai, jiri, murɗar ciki ko ƙaiƙayi. A ƙauye waɗannan sunansu zazzaɓi ko shawara ko sammu. Ba mai danganta su da galan ɗin da ke rataye a madafa, kuma wannan ne ya sa al'adar ta daɗe: wanda ya yi shekara uku yana shan ruwa a robar feshi bai faɗi ba, yana da hujjar da ta fi ta malamin gona ƙarfi a idon maƙwabtansa.

Robar da ba ta shiga gida ba, ko dai a bar ta a gona, ko a jefa a juji, ko a ƙone. Wadda aka bari a gona ruwan sama na wanke ta zuwa kududdufi ko fadama, inda dabbobi ke sha, yara ke wanka da kamun kifi. Yara kuma na tsince ta su yi motar wasa. Ta juji tana da nata zagayen. Manoman kewayen Kano sun shahara tun da daɗewa wajen kwashe juji da takin dabbobi su kai gona da rani, a da bisa jaki da mangala, yanzu har da amalanke da babur mai ƙafa uku. Ledar magani da murfi da fasasshiyar roba sai su bi takin su koma ƙasar da za a shuka abinci. Ƙonawa kuwa, wadda mutane da yawa ke ɗauka ita ce tsabta, wutar kara ba ta kai zafin da zai kashe sinadarin. Tana mai da shi hayaƙi ne kawai, kuma idan maganin ko robar na ɗauke da kulorin, hayaƙin na iya haɗawa da dayoksin, gubar da ke daɗewa a ƙasa da kitsen dabba.

Hanya ta uku ita ce ta 'yan jari-bola da 'yan gwangwan, kuma a nan ne ainihin sake sarrafawa yake faruwa. Suna bin ƙauyuka da kasuwanni da buhu da sikeli, suna sayen ƙarfe da alminiyam da roba, wani lokaci da kuɗi, wani lokaci a musanya da kofi ko alewar yara. Kayan kan taru a wurin dillali, a loda a mota ta hanyar Wudil zuwa Kano, inda ake da masu niƙa roba da masana'antu a wurare irin su Dakata da Sharaɗa da Challawa da Bompai. Ana ware robar bisa iri da launi, a niƙa, a wanke, a narkar, ta fito a matsayin buta, bokiti, baho, kujera ko silifa. Wannan sana'a tana ciyar da dubban mutane kuma tana rage shara fiye da yadda hukuma ke iya yi. Amma sikeli ba ya tambayar abin da roba ta taɓa ɗauka. Robar feshi irin ɗaya ce da galan ɗin man girki, don haka tulinsu ɗaya. Yaron da ke tsinta da hannu, da mai aikin injin niƙa da ke shaƙar ƙurar, da kwatar da ruwan wankin ke bi, duk suna samun rabonsu. Abin da ya rage a jikin robar kuma yana iya ƙarewa a bokitin da za a ɗebi ruwan sha. An gudu ba a tsira ba.

Akwai wata kasuwa ƙarama wadda ta fi cutar da manomi a aljihu. Roba mai lafiya, da tambarinta da murfinta, ita ce jarin mai haɗa jabun magani. Zai saye ta da tsada fiye da mai sikeli, ya zuba abin da ya sirka da ruwa ko kananzir, ya liƙe, ta koma kasuwa. Manomi ya fesa, ciyawa ba ta mutu ba, ya ce maganin yanzu ba shi da ƙarfi, ya ninka awo. Akasin haka ma na faruwa a ranar kasuwa, inda mai tebur ke tsiyaya wa masu ƙaramin ƙarfi magani a robar lemo ko ta ruwan sha. Nan kuma guba ce ta shiga mazubin abin sha, babu tambari, babu gargaɗi, a ajiye ta a ɗaki inda yaro zai iya kaiwa.

Matakin da masana suka haɗu a kansa mai sauƙi ne, ana kiransa ɗauraya uku. Da zarar magani ya ƙare, tun robar na da danshi, za a kifa ta a bakin tankin feshi na rabin minti ta tsane. A zuba ruwa mai tsabta zuwa rubu'inta, a rufe, a girgiza sosai, a juye ruwan a cikin tankin, ba a ƙasa ba. A yi haka sau uku. Sannan a huda gindinta da wuƙa ko ƙusa, a ajiye murfin dabam. Ƙa'idojin da Hukumar Abinci da Aikin Gona ta Majalisar Ɗinkin Duniya da Hukumar Lafiya ta Duniya suka fitar a 2008 sun ɗora komai a kan wannan mataki, sun kuma nuna rashin amincewa da ƙonawa ko binnewa a gona. Ɗaurayar tana cire fiye da kashi 99 cikin ɗari na abin da ya maƙale, kuma tana da ribar da manomi zai gani nan take, domin maganin da ya saya da kuɗinsa ne yake komawa tanki. Hudawar ce ke da wuyar karɓuwa. Ana neman mutum ya lalata abu mai amfani da hannunsa, kuma ɗaurayar ba ta mai da robar ta dace da abinci ko ruwan sha. Iyakarta ta sa a iya ɗaukarta a sarrafa ta zuwa abin da baki ba ya taɓawa, kamar bututun wayar lantarki, bututun magudanar ruwa ko turakun shinge.

Ƙasar da ta fi nisa a wannan fanni ita ce Barazil. Wata doka ta shekarar 2000 ta raba nauyin gida uku: manomi ya ɗauraye ya mayar da robar cikin shekara guda, mai shago ya rubuta a rasit inda za a mayar, kamfanonin magani su kwashe su sarrafa da kuɗinsu. Kamfanonin suka kafa cibiyar inpEV a 2001, kuma tsarin yana dawo da fiye da kashi 90 cikin ɗari na robobin da aka sayar. Jamus na da irin nata tun 1996, Faransa tun 2001. Abin da ya haɗa su shi ne kuɗin tattarawa yana cikin farashin maganin tun daga masana'anta.

A Najeriya hankalin hukuma ya fi karkata ga abin da ke cikin robar. Hukumar NAFDAC, wadda ke yi wa magungunan rajista, ta haramta guda 30 a 2008, shekarar da ɗalibai mata fiye da 100 suka kwanta a Doma ta jihar Gombe bayan cin wake mai guba. A 2015 Tarayyar Turai ta hana shigar da busasshen waken Najeriya saboda yawan DDVP da aka samu a jikinsa. A 2019 NAFDAC ta taƙaita sayar da ƙananan kwalaben Sniper, daga baya kuma ta sanya wa'adin daina amfani da farakwat da atirazin. Shara kuwa tana hannun hukumar kula da muhalli ta NESREA, wadda aka kafa a 2007, kuma tana da tsarin ɗora wa mai ƙera kaya alhakin abin da kayansa suka bari. Tsarin ya fi motsi a ɓangaren robar lemo da batir da kayan lantarki, waɗanda sharar birni ce da ido ke gani. Robar feshi ta faɗa tsakanin hukumomi: ta wuce hannun mai rajista, ba ta kai ga motar kwasar shara ba, malamin gona na KNARDA, hukumar raya aikin gona ta jihar Kano, kuma ƙauyukan da ke wuyansa sun fi ƙarfin babur ɗaya. Gargaɗin da ke jikin takardar robar da Turanci yake, ga mai karatun ajami ko wanda bai yi boko ba. Ko zanen launin da ke gindin takardar, ja ga mafi haɗari, sai rawaya, shuɗi da kore, ba kowa aka taɓa yi wa bayaninsa ba.

Kwafo tsarin Barazil yadda yake ba zai yi aiki a Balan ba. Can manomi ɗaya na iya tara jarka ɗari a kaka guda, ya loda a motarsa, ga rasit a hannu. Nan roba uku ce ko huɗu a gida, an saye su a tebur ba rasit, kuma sai an haɗa kimanin goma masu lita ɗaya kafin su yi kilo. Kuɗin motar da za ta bi gida-gida ya fi abin da za ta kwaso. Bugu da ƙari, duk mai son karɓar robar yana da abokan takara uku da suka riga shi: uwargida, mai sikeli da mai jabu, kuma kowannensu yana ba ta daraja. Wa'azi kaɗai ba zai kayar da su ba, banza ba ta kai zomo kasuwa.

Inda dama take shi ne wuraren da robobin ke haɗuwa da kansu. Na farko masu feshin haya. Mutum ɗaya da ke fesa gonaki 30 a damina yana buɗe robobi fiye da kowane manomi, yana tsaye kusa da tanki da ruwa a daidai lokacin da ya kamata a yi ɗaurayar, kuma horar da shi ya fi horar da mutum 30 sauƙi. Ƙungiyar kamfanonin magani ta CropLife ta riga ta gwada horar da irin waɗannan matasa a Najeriya. Na biyu shagunan magani na garuruwa kamar Gaya da Wudil, waɗanda motar kamfani ke kawo musu kaya ta koma wayam. Tsarin da ya dace da su tsoho ne a Kano, wato na kwalbar lemo: a riƙe wani abu a kan farashi, a mayar wa wanda ya dawo da roba ɗaurayayya, hudajjiya. Sharaɗin shi ne abin da za a mayar ya fi abin da mai sikeli ke biya. Na uku su 'yan jari-bolar kansu. Korar su daga harkar ba za ta yiwu ba, kuma ba su da madadi wajen sanin lungu. Idan aka ba robar feshi farashi na dabam a wurin dillali, su da kansu za su ware ta, kamar yadda suke ware jan ƙarfe daga baƙi ba tare da an yi musu taro ba.

Rage yawan robar tun daga tushe ma yana yiwuwa a wani ɓangaren. Buhun PICS mai ruɓi uku, wanda Jami'ar Purdue ta Amurka ta fara yaɗawa a Afirka ta Yamma a 2007 kuma ake yin sa a Kano, yana kashe ƙwaron wake ta hanyar hana shi iska. Gidan da ya koma gare shi ya rabu da bom da garin magani da mazubansu gaba ɗaya. Amma wannan ya tsaya ga ajiya. A gona, muddin ƙwadago na tsada, feshi zai ci gaba da ƙaruwa.

Daga cikin matakan nan, ɗauraya uku ce kaɗai manomi zai iya yi gobe ba tare da jiran kowa ba, kuma ba ta cin ko kwabo. Sauran suna buƙatar kuɗi da wurin tarawa da masana'antar da za ta karɓi robar ita kaɗai, kuma wannan nauyi yana kan kamfanonin da ke shigo da maganin suna cin ribarsa, da hukumar da doka ta ba ikon tilasta musu. Kafin su ɗauka, robar feshi a Gaya da Ajingi za ta ci gaba da zuwa wurin wanda ya fi ba ta daraja, kuma a yau madafa ce da mai sikeli.